Ƙafafun Baba Tela

SHAFI NA 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi. Wallahi wannan shafin na fara na goge har na gaji. Wanda ya san hawayensa a kusa suke ya ajiye wayar sai ya koma gida, kada a ce Auta ta sa mutum kuka a wurin aiki.

Ga inda muka tsaya. An yi wa Babanmu aikin babbar jijiyar jinin nan da ta taso daga zuciya ta gangara ciki, wadda ta kumbura tana neman fashewa. Sun yanke inda ya lalace, suka ɗinka ta roba a madadinta. Tun kafin a shiga da shi, Likita ya ce abu biyu yake tsoro, ƙwaƙwalwa da laka, wato jijiyar nan da ke cikin ƙashin baya. In jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa, mutum zai farka bai san kowa ba. In ya yanke wa laka, zai farka ƙafafu sun tafi.

Baba ya farka ya san mu. Ya kira ni Auta, ya tambayi wa ya rufe shago, har ya ce wa Likita a nuna masa ɗinkin da aka yi masa, in ya karkace a warware a sake. Aka ce ya ɗaga ƙafar dama, ya ɗaga. Ta hagu, ya ɗaga. Muka yi ta kukan murna, muka ɗauka an gama.

Ashe ba a gama ba.

Ranar da zan ba ku labari, da hantsi na shigo ɗakin da fulas da wankakkun kaya. Baba yana kwance yadda suka ce ya kwanta, ga siririyar robar da suka saka masa a gadon baya tana ɗigar da ruwa cikin wata jaka. Umma tana kan kujera, jakarta a cinya. Abin da ya fara ba ni mamaki fuskarta ce. Tun da aka fito da shi ban ga haƙoranta ba, kullum idonta yana kan allon na'urar da ke nuna jininsa. Ranar kuwa murmushi take.

"Auta, duba can," in ji ta a hankali. "Ya sauka."

Na duba. Lambar da kullum take sama ta yi ƙasa.

"Alhamdu lillahi," na ce. Ni ma me na sani?

Baba ya buɗe ido ya ce, "Likitar gida ta yi murmushi, to yau akwai lafiya a gari."

Haka yake kiran Umma. Tun da aka ce yana da hawan jini, ita ce take riƙe da maganinsa. Da safe ta auna shi, ta miƙa masa ƙwaya da kofin ruwa, ta tsaya a kansa sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Da yamma in ya dawo daga taka keken ɗinki, ta ɗora ƙafafunsa a cinyarta ta matsa masa. Mu da muka taso haka muka gani, ba mu taɓa ganin ranar da ta tsallake ba.

Ban gama ajiye fulas ba na'urar ta fara ƙara.

Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi, ta shigo da sauri. Ta kalli allon, ta taɓa wani abu a jikin robar ƙarin ruwa, ta yaye zanen da ya rufe ƙafafunsa.

"Baba, ɗaga min ta dama."

Ta sake maimaitawa.

"Baba, ta dama."

"Ai na ɗaga, 'yar nan."

Jama'a, ƙafar tana nan inda take. Ko gashin jikinta bai motsa ba.

"To ta hagu."

"Ita ma ga ta nan." Har dariya ya yi. "Ko so kike in taka miki rawa?"

Sista ba ta yi dariya ba. Ta danna wani maɓalli a bango ta fita da gudu. Ni dai na dafa ƙarfen gado.

A bakin ƙofa ta yi karo da Yaya, babban wanmu. Shi ne mai ilimin gidan, shi Likita yake kira ofis in za a yi bayani. Yana ganin ƙafafun Baba a buɗe da fuskata, ya gane.

"Me ya faru? Auta, me ya faru?"

"Ƙafar ba ta motsi, Yaya."

"Ba ta me?"

Kafin in maimaita Likita ya shigo, mutum biyu suna bin sa. Ko gaisuwa bai yi ba.

"A kwantar da gadon gaba ɗaya. A sauke jakar ruwan bayan nan ƙasa. Sista, ƙara maganin ɗaga jini. A sa masa iska, a nemo jini a ajiye kusa."

Yaya ya sha gabansa.

"Likita, jiya mutumin nan yana ɗaga ƙafa! Me kuka yi masa? Wannan Sistar tun safe ina take? Wallahi in wani abu ya sami mahaifina ba zan yarda ba!"

"Ka matsa min tukuna," in ji Likita. "In ka gama taimaka min da shiru, sai ka yi min faɗan."

Suka yi ta aiki. Lambar ta ɗan ɗaga, ta sake zamewa. Aka ƙara magani, ta ɗaga, ta sake zamewa. Likita ya danna cikin Baba, ya duba ɗinkin, ya sa aka jawo wata na'ura ya goga masa a ciki yana kallon allo.

"Ba jini yake zubarwa ba," ya ce kamar da kansa yake magana. "Zuciyar ma lafiya take bugawa. To me yake danne shi?"

Sai ya juyo ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ina so a gaya min gaskiya, kuma yanzu. Ya sha wani abu da ba mu muka ba shi ba?"

"Me zai sha?" in ji Yaya. "Mu mahaukata ne?"

Na waiwaya wajen Umma. Ta ƙanƙame jakarta a ƙirji da hannu biyu.

Baba ya janye robar iskar daga bakinsa.

"Likita."

"Na'am, Baba."

"Ni na sha. Maganina na hawan jini. Da kaina na ɗauka, ba wanda ya gani."

Kai, Baba! Mutumin da ko juyawa ba a bari ya yi sai an riƙe shi. Mutumin da aljihu ma babu a rigar da ke jikinsa. Na san ƙarya yake, kuma na san don wa yake yi.

Likita ya sunkuya kusa da shi.

"Wanne daga ciki ka sha? Ina bukatar in sani, don kowanne da yadda ake karya shi. Wane launi ne?"

Shekara da shekaru Baba yana haɗiyar ƙwayar nan, bai taɓa kallonta ba. Hannun da yake miƙo masa kawai yake kallo.

"Fari ne," ya ce.

"Guda nawa?"

"Ɗaya."

"Ba fari ba ne."

Muryar Umma ce. Duk muka juya.

"Ba fari ba ne, rawaya ne. Kuma biyu ne."

"Ke, yi shiru," in ji Baba. "Wa ya sa bakinki?"

"Malam, ka bar ni." Ta buɗe jakar, wani kwali ya faɗi ƙasa, ni na ɗauko. "Ga kwalin, Likita. Na ba shi ɗaya da sassafe. Na jira, na ga bai sauka ba, na ƙara masa ɗaya. Yana cikin magagin barci, bai ma san na ba shi na biyun ba."

Likita ya karɓi kwalin ya karanta. Na ga ya lumshe ido, ya buɗe.

"Mai daɗewa a jiki ne," ya ce wa Sista. "Canza maganin, kawo ɗayan. A mayar da shi ɗakin kulawa ta musamman." Sannan ya kalli Umma. "Mama, kin kyauta da kika faɗa. Yanzu na san da me nake faɗa. Ku ba mu wuri."

Suka tura gadon suka wuce da shi. Muka rage a baranda, mu uku da fulas.

Umma ta zauna a benci. Yaya ya yi ta kai da komo, sai ya tsaya a kanta.

"Umma, me ya kai ki?"

Ba ta ɗago ba.

"Umma, magana nake. Asibiti guda, likitoci cike, ke ce za ki ba shi magani a ɓoye? Kin san abin da kika yi? Mutumin da da ƙafa yake cin abinci! Kin gurgunta..."

"Yaya!" na daka masa tsawa. Ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"Ke kuma fa?"

"Kada ka ƙarasa kalmar nan. Wallahi kada ka ƙarasa."

"Ƙarya na faɗa?"

Umma ta ɗago. Idonta a bushe, kuma wannan ya fi ba ni tsoro a kan kuka.

"Bar shi, Auta. Bar shi ya faɗa." Ta kalli Yaya. "Kai ka raka mu ranar da aka gano kumburin nan. Me likitan can ya ce min? Ya ce Mama, jijiyar mijinki ta yi laushi, duk ranar da kika bar jininsa ya hau, fashewa za ta yi, ko ƙofar asibiti ba za ku kawo ba. Haka ya ce ko ba haka ba?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Tun daga ranar ban sake barci mai nauyi ba. Na hana shi gishiri. Na hana masu kawo ɗinki su yi masa hayaniya. In ya ɗaga murya gabana faɗuwa yake. To aka fito da shi daga aiki, na ga lambar da ko a gida bai taɓa kaiwa ba. Kwana da kwanaki tana sama, ga sabon ɗinki a cikinsa. Na tambayi Sista, ta ce haka muke so, ta wuce. Na ce a raina ta gaji ne, sallamata take. Sai na tambaye ka."

"Umma..."

"Na tambaye ka ko ban tambaye ka ba? Na ce ɗana, jinin Babanku ya hau, ba sa ba shi maganinsa. Me ka ce min?"

Sai ni na amsa, don ina wurin.

"Cewa ya yi ki bar wa likitoci aikinsu."

"Ki bar wa likitoci aikinsu," Umma ta maimaita. "Yana danna waya."

Sai wani abu ya faɗo min a rai. Na tuna ranar da aka fito da Baba, Likita ya ja Yaya ofis, suka daɗe. Da ya fito na tambaye shi me aka ce, ya ce ba komai, bayanin asibiti ne.

"Yaya, tsakaninka da Allah. Ranar da Likita ya kira ka ofis, ya gaya maka da gangan suke barin jinin a sama?"

Ya kau da kai.

"Yaya."

"Ya faɗa."

"Ya ce kada a ba shi maganin gida?"

"Ya ce... ya ce in gaya wa duk wanda zai zauna da shi."

"Ka gaya wa wa?"

Ya jingina da bango, ya sulale har ƙasa, babban mutum da shi, ya dafe kai.

"Na ga kamar Umma ba za ta gane ba. Na ce in na ce mata ana ɗaga masa jini da gangan, hankalinta zai tashi, za ta hana su aiki. Wallahi sauƙi na nema mata. Ban san da maganin a jakarta ba."

"A ina kake so ya kasance?" in ji Umma. "Ka taɓa ganin na fita da Babanku ba shi a jakata?"

Ni haushin kowa nake ji, har da kaina, amma in na kalli Umma sai haushin ya narke ya koma tausayi. Matar nan ta tsare jijiyar Baba da hannunta har ta kawo shi gaban masu aiki da ransa. Abin da ta iya ke nan, kuma shi ta yi.

Sai bayan la'asar Likita ya fito. Bai kira Yaya ofis ba. Ya jawo kujera ya zauna a gaban Umma.

"Mama, ke zan yi wa bayani, kuma tun farko ke ya kamata in yi wa. Na ga ke ce kullum a bakin gadon, amma na ba da saƙo. Wannan laifin nawa ne."

Umma ta girgiza kai kawai.

"Tsohuwar jijiyar da muka cire tana da ƙananan rassa da suke kai wa laka jini. Ta roba ba ta da su. Mun mayar da waɗanda za su mayu, sauran kuwa sun tafi. To 'yan da suka rage ba sa kaiwa sai jini ya zo da ƙarfi. Kin san gidan bene, in ruwan famfo ya yi rauni, na ƙasa suna samu, na sama ko ɗigo. Lakarsa ce ta sama yanzu. Shi ya sa muke barin jinin a sama. Robar bayan nan kuma tana rage ruwan da ke matse lakar, don jinin ya sami hanya."

"Ke nan abin da nake tsoro shi ne maganinsa," in ji Umma.

"Kafin aiki, abin da kike yi shi ya riƙe shi da rai. Bayan aiki ne abin ya juya na ɗan lokaci."

"Likita, kada ka lallashe ni. Zai taka?"



"Jinin ya koma inda muke so, mun ƙara masa jini, muna zuƙe ruwan. Duk abin da ake yi mun yi, muna kuma kan yi. Akwai waɗanda ƙafar take dawo musu a yini ɗaya. Akwai waɗanda take dawowa rabi, a hankali. Akwai waɗanda ba ta dawowa. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban san a cikin waɗanne yake ba."

"Ƙwaƙwalwarsa fa?" na tambaya.

"Ras take. Tun ɗazu abu ɗaya yake nanata min, wai in rubuta shi ya sha da kansa."

A nan ne Umma ta fashe. Ba kuka mai ƙara ba, wani irin gunji ne daga ciki, ta toshe baki da mayafi. Yaya ya rarrafo ya riƙe ƙafarta yana cewa ta yafe masa. Ba ta ture shi ba, ba ta kuma kalle shi ba.

Likita ya ce mutum biyu za su iya shiga, amma a yi a hankali. Yaya ya ce ba zai iya haɗa ido da Baba ba. Muka shiga ni da Umma.

Baba yana kwance shimfiɗe, ko matashi babu, fuskarsa tana kallon sama, robar iska a hancinsa. Idonsa a rufe. Na zagaya wajen kansa. Umma kuwa ta tsaya daga ƙarshen gadon, ta kasa matsowa.

"Umma, zo mana," na raɗa mata.

Ta girgiza kai. Sai ta zura hannuwanta ƙarƙashin zanen, ta kama ƙafafunsa. Ta fara matsawa yadda ta saba, daga diddige zuwa tafi, daga tafi zuwa yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Hawaye yana ɗiga a kan zanen, hannunta bai tsaya ba. Likita yana daga gefe, idonsa a kan yatsun.

An jima a haka, sannan Baba ya buɗe ido.

"Auta."

"Na'am, Baba. Sannu."

"Wanki ya yi mata faɗa ko?"

Bai jira amsata ba.

"Ki gaya masa na ce in ya sake ɗaga mata murya, ni da shi ne. Ni na sha abina."

"To, Baba."

"Akwai ɗinkin mutane a shago, rigar makarantar yaran nan. Ki ce su yi haƙuri, ina tashi zan taka musu."

"To, Baba."

Ya ɗan lumshe ido, ya sake buɗewa, yana kallon silin.

"Ina Likitar gida? Ta yi fushi da ni ne? Je ki kira min ita. Ki ce ta zo ta ɗan matsa min ƙafafun nan, hannunta ya fi duk na'urorinsu."

Hannun Umma ya tsaya cak a ƙarƙashin zanen.

Na kalle ta, ta kalle ni. Ta ɗora yatsa a leɓenta. A hankali ta zare hannuwanta, ta ja da baya har bakin labule. Ta goge fuska da mayafi, ta gyara murya, sannan ta tako da ƙarfi yadda zai ji ƙarar takalminta.

"Ga ni, Malam. Yanzu na shigo."

"Yawwa," in ji Baba, yana murmushi. "Kama min ta dama tukuna."

Ta mayar da hannuwanta inda suke. Ta kama ta dama, ta matsa da duk ƙarfinta, har na ga jijiyoyin hannunta sun tashi.

Baba ya jira. Murmushin yana nan a fuskarsa.

"Ke nake jira fa," ya ce. "Kin kama?"